Zan je taron wasannin kan tebur karo na farko: yaya zan tsara kwanakina?

Tambaya: Na ɗan jima ina buga wasannin kan tebur da abokaina a gida, irin su Catan da Ticket to Ride. Yanzu ina so in halarci babban taron masu wannan harka karo na farko, na kwana uku ko huɗu. Me zan shirya, me zan riƙa, kuma ina ne sababbin zuwa suka fi yin tuntuɓe?

Amsa: Ɗan'uwa, fara sanin irin taron da za ka je, domin suna ɗaya ne amma hali ya bambanta, kuma shirin da ya dace da wannan zai iya ɓata maka wancan.

Taron SPIEL da ake yi a birnin Essen na ƙasar Jamus tun 1983 kasuwa ce kafin ta zama komai. Ana yin sa a watan Oktoba, daga Alhamis zuwa Lahadi, kamfanoni suna baje sababbin wasanni sama da dubu, kuma idan aka haɗa shigar kwanaki huɗun tana kaiwa wajen 200,000. Da ƙarfe bakwai na yamma ake rufe zaurukan, ranar Lahadi ƙarfe shida, daga nan wasa ya koma falon otal-otal. Shi kuwa Gen Con, wanda Gary Gygax ya assasa a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin ta Amurka a 1968 kuma ya koma Indianapolis a 2003, ƙashin bayansa shi ne jadawali: dubban zaman wasa, kowanne da lokacinsa da teburinsa da tikitinsa, ga mahalarta sama da 70,000. UK Games Expo na Birmingham a Ingila, wanda aka fara a 2007, yana tsakanin waɗannan biyun, kwana uku ne, akwai kasuwa akwai kuma wurin zama a yi wasa har dare. Ban da waɗannan akwai ƙananan taruka na mutum ɗari biyu ko ɗari biyar a zauren otal guda, inda babu abin da ake yi sai wasa. Idan kana da zaɓi, ni ƙarami ko matsakaici zan ce ka fara da shi. A can za ka yi wasa da yawa, ka kashe kuɗi kaɗan, kuma fuskar da ka gani da safe za ka sake ganinta da yamma, wanda shi ne mafarin sabo.

Abin da ke rikita mutane da wuri shi ne bambancin baji da tikiti. Baji shi ne izinin shiga harabar taron. A taruka irin Gen Con bajin bai ba ka kujera a zaman da aka tsara ba, sai ka sayi tikitin wannan zaman daban. Ana fitar da jerin zaman tun da sauran watanni, ka zaɓi waɗanda kake so ka jera su bisa fifiko, ranar da aka buɗe rajista ka tura, na'ura ta bi layi ta ba ka abin da ya rage. Waɗanda aka fi so suna ƙarewa cikin mintuna. Saboda haka kowane zaman da ka ƙwallafa wa rai ka sa masa madadi ɗaya ko biyu a lokaci guda. Masauki ma haka yake, otal-otal na kusa da zauren sukan cika tun da sauran watanni da yawa. Idan ka rasa na kusa, nemi wanda yake kan layin jirgin ƙasa ko bas da ke kaiwa har ƙofar wurin, ka kuma duba ƙarfe nawa na ƙarshe yake tashi da dare. A Essen, alal misali, jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba U11 ne ke ɗaukar mutane daga babbar tasha zuwa filin baje kolin, kuma da safe makil yake cika.

Yanzu ga inda mafi yawan sababbin zuwa ke faɗuwa: cika jadawali. Mutum ya ga jerin wasanni ya rasa na bari, sai ya sayi tikiti biyar a rana, daga takwas na safe zuwa sha biyun dare. Mu yi lissafi. Zaman wasan labari irin Dungeons & Dragons, inda kowa ke taka rawar jarumi guda a cikin labarin da jagoran tebur ke bayarwa, awa huɗu ne a al'ada. Wasan da aka rubuta minti 60 zuwa 90 a jikin kwalinsa, wannan lokacin na waɗanda suka riga suka iya ne. Ƙara minti 15 zuwa 30 na koyarwa, sannan ka ƙara rabin lokacin da aka rubuta saboda kowa sabo ne, kowa yana tambaya, kowa yana karanta katinsa sau biyu. Wasan minti 90 ya zama na kusan awa uku ke nan. Sai tafiya: a babban taro, daga wannan zaure zuwa wancan cikin cunkoso tana iya cin minti 15 ko 20, kafin ka lalubo lambar teburinka cikin ɗaruruwan tebura. Wanda ya jera zama biyu babu tazara dole ɗaya ya same shi, ko ya tashi daga na farko ba a gama ba ya ɓata wa mutum huɗu wasansu, ko ya isa na biyu a makare ya tarar an ba wani kujerarsa, domin a wurare da yawa jagoran tebur ba ya jira fiye da minti biyar zuwa goma.

Zama biyu da aka tsara a rana sun isa, tsakaninsu da tazarar awa ɗaya aƙalla. Sauran lokacin ka bar shi a buɗe da gangan. Ba don hutu kawai na faɗi haka ba. Idan ka tambayi waɗanda suka daɗe suna zuwa abin da suke tunawa daga taronsu na farko, da wuya su ambaci abin da suka saya. Abin da suke kawowa shi ne teburin da aka yafito su aka ce da sauran kujera ɗaya, ko wasan da ba su taɓa jin sunansa ba wanda mai ƙirƙirarsa da kansa ya zauna ya koya musu. Irin wannan ba a sayen tikitinsa, kuma ba ya samun mutumin da yake ta gudu yana duba agogo.

Ranar farko kada ka sa komai da sassafe. Layin karɓar baji yakan yi tsawo, don haka in ana bayarwa tun jajibiri, ko ana aikawa ta gidan waya, ka yi amfani da wannan damar. Awa biyun farko ka zagaya kawai da taswira a hannu, ka san inda banɗaki yake, inda ake samun ruwa, inda ake ajiye kaya, da ƙofar da ta fi kusa da abin hawanka. Duk rumfar da ta ja hankalinka ka rubuta lambarta ka wuce.

Teburin gwaji, wato wanda kamfani ya kafa a rumfarsa don a ɗanɗana sabon wasa, yana da nasa tsarin. Wasu kamfanonin suna barin a buga wasan har ƙarshe, wasu zagaye biyu ko uku kawai suke bayarwa, kamar minti 20 zuwa 30, su tashe ku su zaunar da wasu. Ka tambaya kafin ka zauna. Teburan wasannin da ake ta zancensu suna cika cikin mintunan farko bayan buɗe ƙofa, saboda haka zaɓi wasa ɗaya tak a kowace safiya, ka nufi rumfarsa kai tsaye. In ka tarar a cike, tambayi ma'aikacin rumfar ko suna rubuta suna, ko kuma yaushe teburin zai tashi. Tsayawa a kan masu wasa kana jiran su gama yana takura su, kai ma yana cinye maka lokaci. A nan wanda ya zo shi kaɗai ko su biyu ya fi ƙungiyar mutum biyar sa'a, domin kujera ɗaya takan samu a kusan kowane tebur, biyar a tare kuwa sai an yi dogon jira. In kun zo da yawa ku rabu, ku sa lokaci da wurin haɗuwa, kada ku dogara da waya, domin sabis yakan yi rauni inda dubban mutane suka taru a gini ɗaya.

Wurin da na fi so sabon zuwa ya daɗe shi ne filin wasa na kowa da kowa, inda galibi akwai ɗakin aron wasanni. Za ka ba da bajinka a duba ko ka ajiye wata shaida, ka ɗauki kwali ɗaya, ka nemi tebur. Taruka da yawa suna da 'yan alamomi da ake kafawa a tebur, wata tana cewa ana neman 'yan wasa, wata tana cewa ana neman mai koyarwa. Duk teburin da ka ga alamar farko, gayyata ce, ka yi sallama ka tambayi wane wasa ne, zai ɗauki tsawon wane lokaci, kuma suna karɓar wanda bai iya ba. Tambayoyi ukun nan suna hana ka faɗawa wasan awa huɗu alhali awa ɗaya gare ka. In kai ne ka aro wasan da babu wanda ya iya a cikinku, ka duba littafin dokokinsa kafin ka fita da shi. Wanda ya wuce shafi takwas zuwa goma ba abin koyo ba ne cikin hayaniya mutum uku suna kallonka. Da kun gama ku ƙirga 'ya'yan wasan, ku leƙa ƙarƙashin tebur da kujeru, ku mayar da komai ledarsa. Kati ɗaya da ya ɓata yana iya kashe wasan ga duk wanda zai ara bayanku.

Idan koyarwa ta faɗo kanka, bi wannan jerin: su wane ne mu a cikin wasan, yaya ake cin nasara, me ke kawo ƙarshensa, me mutum yake yi idan zagaye ya zo kansa. Ƙananan dokoki ka bar su sai an zo wurinsu, amma ka faɗa tun farko cewa akwai su, don kada wani ya ji an ɓoye masa. Masu koyarwa da yawa sukan fara da bayanin kowane kati da kowace alama, mutane su yi minti goma suna sauraro ba su san abin da ake nema ba, komai ya bi iska.

Ladabin tebur ba shi da yawa, amma ana lura da shi sosai. Kayan wani ba a taɓawa sai da izini, musamman katunan da ake tarawa da 'yan mutum-mutumin da mai su ya yi awoyi yana yi musu fenti. Kada ka lanƙwasa kati wajen gauraya. Abin sha ya sauka daga tebur ko ya kasance mai murfi. Ka riƙa tunanin takunka tun kafin zagaye ya iso ka, domin minti uku na shiru daga kowane mutum a kowane zagaye shi ke mayar da wasan awa ɗaya na awa biyu. A wasan farko ka yarda za ka yi kuskure, ka taka kawai. A wasannin haɗin kai irin Pandemic, inda duka teburin ke yaƙi da wasan, ka kiyayi zama mai yanke wa kowa shawara ko da ka fi su gani. Ba da ra'ayi sau ɗaya, ka bar mai taku ya zaɓa. In kuma ka ga ba ka da sauran damar cin nasara, ci gaba da wasa don kanka har ƙarshe, kada ka zubar da makinka don ka ɗaga wani a kan wani.

In ba ka taɓa wasan labari ba, taro ne wuri mafi sauƙin gwadawa. Nemi zaman da aka rubuta cewa na sababbi ne kuma ana ba da jaruman da aka riga aka tsara, ka ga ba sai ka karanta littafi ba. Abin riƙo kaɗan ne: fensir, magogi, 'yar takarda, da saitin dayis guda bakwai, wato mai fuska 4, 6, 8, 12, 20, da masu fuska 10 guda biyu. Ko ba ka da su za a ara maka. Wasu jagororin sukan ajiye kati mai alamar X a tsakiyar tebur, duk wanda labarin ya shiga inda ransa bai kwanta ba sai ya taɓa shi a canza hanya ba tare da an tambaye shi dalili ba. Babban kuskure a irin wannan zama iri biyu ne, ko mutum ya yi shiru awa huɗu, ko ya mamaye magana. In ka lura wani bai ce komai ba tun ɗazu, sa jaruminka ya tambayi nasa shawara.

Gasa kuwa, in ba ita ta kawo ka ba, ka bar ta sai wani zuwan. A gasar kati irin Magic: The Gathering zagaye ɗaya minti 50 ne, mutum 32 suna buƙatar zagaye biyar, ga jira tsakanin zagaye, yini ya tafi ba ka ga komai na taron ba. In dai ka shiga, ka zo da jerin katunanka a rubuce, kuma duk saɓanin doka ka ɗaga hannu ka kira alƙali, ba abin kunya ba ne, aikinsa ke nan.

Jiki shi ke fara gazawa. Ƙasan zaurukan nan kankare ne, ko an shimfiɗa kafet siriri ne, kuma tafiyar kilomita goma a yini ba abin mamaki ba ce. Sa takalmin da ƙafarka ta saba da shi, sabo zai ba ka bororo tun ranar farko. Akwai ƙa'idar da 'yan taro suka daɗe suna maimaitawa: barcin awa shida, abinci sau biyu, wanka sau ɗaya a kowace rana, kuma wannan mafi ƙaranci ne. Riƙe gorar ruwa, domin magana da ƙarfi cikin hayaniya tana dusashe murya zuwa rana ta biyu. Ci abinci kafin sha biyu ko bayan ƙarfe biyu, ka tsira daga layi. Wanke hannu akai-akai, katin da ke hannunka ɗaruruwan hannaye sun riƙe shi, shi ya sa mutane da yawa ke komawa gida da mura. Sai fawa banki, da riga mai ɗan kauri saboda sanyin na'ura, da abin toshe kunne in hayaniya tana gajiyar da kai. Jakar baya ta zama ƙarama. Babba tana bugun mutane duk lokacin da ka juya, tana kuma ture kaya daga kan tebura.

Saye shi ne rami na biyu bayan jadawali. Yanke adadin kuɗin da za ka kashe tun daga gida, ka raba shi bisa kwanaki, kuma ka riƙe wani ɓangare tsaba, domin ƙananan rumfuna ba duka ke karɓar katin banki ba, musamman a Essen. Ƙa'ida mai amfani: kada ka sayi abin da ba ka buga ba ko ba ka ga ana bugawa ba, kuma kada ka sayi abin da za ka samu a kanti nan da wata biyu. Abin da ya cancanci kuɗinka a taro shi ne wasannin ƙananan kamfanoni da ba sa isa kantuna, irin waɗanda ake kawowa daga Japan, Koriya ko Taiwan 'yan kwafi kaɗan, waɗanda sukan ƙare tun ranar farko ko ta biyu. Akasin haka, ranar Lahadi da yamma wasu rumfunan suna karya farashin abin da ya rage don kada su koma da shi. Kafin ka biya ka juya kwalin ka duba harshe. Wasan da alamomi ne kawai a katunansa ba matsala, za ka iya sauke dokokinsa daga intanet. Wanda katunansa ke cike da rubutu kuwa, in bugun Jamusanci ka ɗauko kuma ba ka ji, ka sayi kwalin ado. A sashen sayar da na hannu, in an yarda a buɗe, ka gwada abin da ke ciki da jerin kayan da ke shafin farko na littafin dokoki. Ka kuma tambayi kanka mutum nawa ne ke zama teburinku a gida. Wasan da ya yi daɗi da mutum biyar a taro yana iya zama lami da mutum biyu.

Ka yi lissafin nauyi tun kafin ka fara saye. Kwali mai kusurwa huɗu irin na Ticket to Ride kusan santimita 30 ne a kowane gefe, kaurinsa kamar 7, nauyin irinsa kilo ɗaya zuwa biyu, manyan wasanni kuma sun ninka haka. Akwatin jirgi mai iyakar kilo 23 ba zai wuce irin waɗannan takwas zuwa goma ba, in ma girmansu ya bari, ga kuma tufafinka. Dabarar da aka saba ita ce, da dare a masauki ka buɗe kowane wasa, ka ɓalle alamomin daga falankin kwalinsu ka zubar da ragowar, ka cusa ƙananan wasanni cikin manyan kwalaye, ka cike gurabe da safa don kada kaya su yi ta karo, ka jera kwalayen a tsakiyar akwati tufafi na kewaye da kusurwoyinsu. Wannan buɗewar tana da wata fa'ida: in wani abu ya yi ƙasa ko an buga shi a karkace, washegari rumfar tana nan, sau da yawa nan take za su musanya maka.

Zuwa rana ta uku wasanni za su fara cakuɗe maka a ka, ka kasa tuna wanne ne mai jiragen ruwa wanne ne mai gonaki. Bayan kowane wasa ɗauki hoton kwalin, ka rubuta layi biyu: mutum nawa kuka buga, tsawon lokacin da ya ci da gaske, da ko za ka so ka sake. Shafin BoardGameGeek yana da wurin ajiye irin wannan bayani, amma ɗan littafin aljihu ma ya wadatar. Hoton mutane sai da izininsu, haka ma wasan da bai fito kasuwa ba, domin wasu masu ƙirƙira ba sa son a yaɗa shi tukuna. In ka buga irin wannan wasan na gwaji kuma mai shi ya nemi ra'ayinka, gaya masa daidai inda ka rikice da inda ka ji gundura, da zagayen da abin ya faru. Wannan ya fi masa amfani a kan yabo. Wanda kuka ji daɗin wasa tare kuma, ka nemi hanyar tuntuɓarsa kafin ku tashi daga teburin, domin cikin mutum dubu saba'in ba lallai ku sake haɗuwa ba.